Motar da na saya sau biyu

A ƙarshen 2022 na sayi Corolla ƙirar 2014, ruwan toka, a hannun wani dila a nan Kano. Miliyan 4 da dubu 800 na biya, a lokacin da irinta ba ta samuwa ƙasa da miliyan 5 da dubu 800 a filayen motoci. Na dawo gida ina yi wa kaina kirari, har da ce wa uwargida ai ciniki iyawa ne, ba kowa ke shiga kasuwa ya fito da riba ba. Ita dai ta ce, "Allah ya sa alheri, ya tsare hanya." Dilan ya miƙo min ambulan mai ruwan ƙasa ya ce takardu cikakku ne, na kwastan da komai. Na buɗe, na ga tambarin hukuma, na ga hatimi, na ga lambobi birjik, na mayar na rufe. Iyakar binciken da na yi ke nan. Cikin mako biyu aka yi mata lamba, aka ba ni lasin da takardar mallaka, na jefa ambulan a aljihun gaban mota na manta da shi.

Fiye da shekara ina hawa. Na je Zariya ba adadi, na je Katsina biki, na je Abuja sau biyu. An tsayar da ni a shinge nan da can, amma lasin da inshora kawai ake tambaya.

A watan Janairun 2024 maƙwabcina ya dawo daga tafiya da daddare a motar haya, shi da iyalinsa, jakunkunansu a kan cinya. Tasa motar tana hannun kwastan. Da safe muka shiga yi masa jaje, yana zaune a zaure ya zabga tagumi. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninsa shi ne motar ta shekara 3 da lamba a jikinta. Ya ce ya nuna musu lasin, ya nuna takardar mallaka, jami'in ya ce masa, "Alhaji, waɗannan na jiha ne. Mu takardar fito muke tambaya." Da ya ba su, suka buga waya, suka karanta wata lamba, suka jira, aka ce ba ta dace da motar ba.

Ni kuwa duk tsawon lokacin nan na ɗauka da an maƙala wa mota lamba ta wanku, tamkar an yi mata wankan tsarki. Ashe lamba daban, kuɗin fito daban, kuma bashin kwastan ba ya tsufa. Yana bin motar duk hannun da ta faɗa.

Ranar ban iya cin abincin kirki ba. Bayan la'asar na zaro ambulan ɗin na zauna ina juya takardun kamar na san abin da nake dubawa.

Wani abokin kasuwancina a Ƙofar Ruwa ya haɗa ni da ejan ɗin da ke fito masa da kaya daga Legas, mai lasisin hukuma. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a saman bene: kwamfuta biyu, fanka, da janareto a baranda da ke tari kamar tsoho. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya karɓi takardun ya ɗaga su sama wajen haske, ya ajiye, ya ce mu sauka wajen motar. Ya kunna fitilar wayarsa ya haska ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, inda lambar casis take, ya sa ni na rubuta a bayan ambulan yana karantowa ɗaya bayan ɗaya. Guda 17 ne, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ya ɗora yatsa a kan na farko ya ce, "Wannan 2 ɗin, a Kanada aka ƙera ta." Ya ƙirga zuwa na goma ya ce, "E. Wato 2014. Nan dai bai yi maka ƙarya ba." Ya buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ta dace da ta gilashi. Na fara sakin numfashi. Sai ya ce, "Motar ba ta da laifi, Malam. Takardar ce ban yarda da ita ba. Dubi layin da aka rubuta casis, baƙinsa ya fi na sauran." Na duba. Wallahi sai a lokacin na gani, kamar an rubuta layin da wani alƙalami daban.

Ya ce in ba shi kwana biyu ya bincika lambar shigar da kaya da ke saman takardar, wadda su ke kira lambar C. Kwana biyun da suka cika ya kira ni ya ce in zo, bai faɗa min a waya ba. Lambar ta gaskiya ce, an biya kuɗin fito a kanta, amma na wata bas ce da aka fitar a tashar jiragen ruwa ta Legas shekaru kafin tawa ta taka ƙasar nan. An ɗauki hoton takardar bas ɗin, aka goge casis ɗinta aka dasa tawa. Ita tawa ba ta taɓa ganin Legas ba.

"To ta ina ta shigo?" na tambaya, duk da na san amsar.

Ya yi murmushi ya ce, "Ta inda 'yan'uwanta ke shigowa."

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san motocin Kwatano. Jirgi ya sauke su a tashar Jamhuriyar Benin, a ɗauko su a yi arewa ta Parakou zuwa Malanville, a haye kogin Kwara a shiga Gaya ta Nijar, a bi Dosso da Ƙonni har Maraɗi, daga nan sai iyakarmu. A da hanya ce ta halal: ka zo bakin iyaka ka biya, a ba ka takarda. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota, sabuwa ko ta hannu, ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Dokar ta rufe ƙofa, amma daji ba shi da ƙofa. Aka koma bin burtali da gonaki cikin dare ba fitila. Har rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 bai sa filayen motocin Kano sun bushe ba. Wani abin dariya, kalma ɗaya muke amfani da ita ga ɓangarorin biyu. Abin da hukuma ke karɓa kuɗin fito ne, masu tsallakar da kaya ta daji kuma 'yan fito. Asalinta dai na mai kwalekwale ne da ke haye da mutane kogi. Kowa fito yake yi, bambancin wanda ka biya.

Na tuna 2017 ɗin ma, lokacin da shugaban kwastan na wancan zamani, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya ba masu motoci wa'adin wata guda su je su tantance takardunsu. Majalisar dattawa ta tayar da ƙura, rigimar ta karkata ta koma kan ko zai sa kakin kwastan ya bayyana a gabansu, aka jingine maganar. A lokacin ina bin labarin a rediyo ina dariya, don babur nake hawa.

Na koma wajen dilan. Ya karɓe ni da fara'a, aka kawo ruwa. Da na shimfiɗa masa takardun a kan bonet ɗin wata mota na nuna masa layin, fuskarsa ba ta ko motsa ba. Ya ce, "Alhaji, wallahi haka na saye ta ni ma. Kuma mota nawa ke yawo a garin nan da irin wannan takardar? Ka hau abarka, in an tsayar da kai ka kira ni." Na ce in kira ka ka yi me, ka zo ka tura mu gida? Magana ta yi zafi har mutane suka taru. Daga baya aka sa wani dattijo a cikinsu ya shiga tsakani, muka zauna sau uku. Ni ba ni da wata yarjejeniya a rubuce da ta ce ya ɗauki nauyin takardun kwastan, rasit ɗin da ya ba ni kuɗi da lambar inji kawai ke ciki. Ƙarshe ya yarda zai ba ni dubu 400 "don zumunci", a biya uku. Biyu na gani.

Zan faɗi gaskiya a kan kaina, don na daɗe ina ɗora masa laifin duka. Ran da na ji farashin nan, wani abu a zuciyata ya ce min banza ba ta kai zomo kasuwa. Na danne shi. Ban tambaya ba don ba na son jin amsar.

Motar na shigar da ita gida na rufe da tamfal. Duk wanda ya tambaya sai in ce tsadar mai ce, kuma ba wanda ya yi musu, tunda lita ta haura naira 600 bayan cire tallafi. Na koma hawa Adaidaita Sahu zuwa kasuwa. Yara suka mayar da ƙarƙashin tamfal ɗin wurin ɓuya, wata kaza ta yi ƙwai a gindin tayar baya. Duk Juma'a nakan tayar da injin na minti goma don kada batir ya mutu. Sayar da ita ma na yi tunani, sai na ga in na sayar da takardar nan a hannu bayan na sani, ni ne na zama dilan.

A farkon Maris na ji a labaran safe cewa hukumar kwastan, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, ta buɗe ƙofa ga masu motocin da ba a biya musu kuɗin fito yadda ya kamata ba, su zo su biya a ba su takarda ta gaskiya. Wa'adin daga 4 ga Maris zuwa 5 ga Yulin 2024. Za a biya kuɗin fiton da tarar kashi 25 cikin 100 a kai. Motocin da aka riga aka kama kuma kotu ta mallaka wa gwamnati ba sa ciki.

A majalisarmu ta bayan isha'i kusan kowa ya ce tarko ne. Wani ya ce, "Kai da ƙafarka za ka kai musu? Kura ta ce a kawo mata ajiyar nama." Na kira ejan. Ya ce ba tarko ba ne, sanarwa ce a rubuce, amma in ɗan dakata, yana jin ƙishin-ƙishin ɗin za a sassauta tarar. Kafin watan ya ƙare kuwa aka sanar ministan kuɗi Wale Edun ya amince a dakatar da tarar kashi 25 ɗin. Azumi ya riga ya kama, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, hannu kuma ba kuɗi. Na ce sai bayan Sallah.

Sallah ta kama 10 ga Afrilu. Mako na gaba na hau benen nan da fayil.

Matakin farko rajistar motar a kundin motoci na ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi ta tarayya, wanda ake kira VREG. Ta intanet ake yi, ana saka lambar casis da bayanan mai mota. Yaron ofis ne ya zauna yana bugawa daga abin da na rubuta a bayan ambulan. Sau uku na'urar tana ƙi. Muka ce sabis ne, muka kashe muka kunna, muka jira aka tayar da janareto. Sai da ejan ya dawo daga masallaci ya leƙa ta kafaɗar yaron, ya ɗan buge masa ƙeya ya ce, "Sau nawa zan faɗa maka babu harafin O a casis? Sifili ne." Ashe haruffa uku ba sa shiga lambar casis ko ta wace mota ce a duniya: I da O da Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Awa biyu muka ɓata a kan ɗan da'ira guda.

Sai wasiƙar neman izini. Sanarwar ta ce a kai buƙata wajen shugaban shiyya. Kwastan sun kasa ƙasar shiyya huɗu, masu hedikwata a Legas, Kaduna, Fatakwal da Bauchi, mu Kano muna ƙarƙashin ta Kaduna. Aka buga wasiƙar da Turanci, gajeriya, aka haɗa da kwafin lasin, takardar mallaka, inshora, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar VREG, da hotunan motar gaba da baya da na casis. Na tambayi ejan, takardar jabun fa, a saka ko a ɓoye? Ya ce, "A saka. Ba kai ka buga ta ba, kuma ga rasit ɗin wanda ya sayar maka. Wanda ya zo wanka ba ya ɓoye cibi." Hannuna na rawa na sa hannu, don ji nake kamar takardar kai ƙarar kaina nake cikewa. Aka karɓi fayil ɗin, aka buga hatimi a kwafina da kwanan wata. Ejan ya ce wannan kwafin in riƙe shi kamar layar kaka, shi zan nuna in an tsayar da ni ran da za a kai motar dubawa.

A ranar ce ya zaunar da ni ya yi min lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, kuma nan ne na gane ainihin ramin da na faɗa. Ya ce kwastan ba ruwansu da nawa ka sayi mota. Tun 2022 lambar casis suke sakawa a na'ura, ita ke fitar da ƙimar motar da dala gwargwadon ƙira da shekara, ba ciniki, ba "yi haƙuri Yallaɓai". Ya yi kirdadon tawa za ta faɗo wajen dala 5,000. A kan wannan za a ɗora kashi 20 na kuɗin fito, da kashi 15 na harajin ƙari da ake sa wa motocin hannu. Sai kashi 7 na shi kansa kuɗin fiton, sai kashi 1 na duba kaya, sai rabin kashi ɗaya na ƙungiyar ECOWAS. A tattara duka da ƙimar motar, a ɗora harajin VAT kashi 7.5 a kan jimlar. Wato haraji a kan haraji. In ka haɗa, abin ya kusa rabin ƙimar motar.

Rabin dala 5,000 bai firgita ni ba sai da ya juya shi zuwa naira. Kwastan suna da farashin dalar da suke lissafi da shi, daga babban banki yake zuwa. Lokacin da na sayi motar bai kai naira 450 ba. Bayan an saki naira a Yunin 2023 ya fara hawa, a Disamba ya kai 951, a Fabrairun 2024 ya haura 1,500, wani lokacin a mako guda ya sauya fiye da sau ɗaya. Ejan ya buga a kalkuleta ya juyo min da ita: da an biya wa motar nan fito a 2022, wajen miliyan 1 ne. Na yi shiru. Miliyan 1 ɗin nan ita ce daidai "sauƙin" da na samu na dawo gida ina kirari. Ba iya ciniki na yi ba, kuɗin gwamnati aka bar min a cikin but na tafi da shi, yana ta haihuwa.

A tsakiyar Afrilun nan naira ta ɗan farfaɗo, farashin kwastan ya sauko ƙasa da 1,200. Da shi lissafina ya tsaya wajen miliyan 2 da dubu 800. Ejan ya ce, "Malam, farashin ran da aka shigar da bayananka shi za ka biya. In kana da hali ka tanadi kuɗin yanzu, iskar nan ba ta da tabbas." Ba ni da hali. Miliyan 1 da 'yan kai ke hannuna. Kwasar adashina sai ƙarshen Mayu, na roƙi uwar adashi a yi min musaya da wani, ya ƙi. Na bi masu bashina a kasuwa, kowa ya ce Sallah ta cinye shi. Wani dare uwargida ta ajiye min ɗan ƙulli a kan darduma, sarƙarta da 'yan kunne na gwal da mahaifiyarta ta ba ta. Na ce ta ɗauke. Ta ce, "Ai ba kyauta na ba ka ba, Malam. Rance ne, kuma da nauyi za ka biya, ba da kuɗi ba." Ta fi ni sanin halin naira.

Kafin in haɗa kan kuɗin, aka kira mu duba mota. Na yaye tamfal, na wanke ta, na sa batir a caji. Tuƙin ranar shi ne mafi tsawo a rayuwata, kwafin wasiƙar na kan kujerar gefe ina taɓa shi kamar mai duba zazzaɓin yaro. A harabar da aka tura mu na tarar da mutane sun kai ashirin, kowa da fayil a hammata, ba mai kallon idon wani sosai. Akwai mai tsohuwar Golf, akwai mai jip da ta fi gidana tsada. Can gefe guda kuwa ga layin motocin da aka kama, ƙura ta rufe su har yara sun yi rubutu da yatsa a gilashi, tayoyi sun kwanta, ciyawa ta tsiro ta cikin wani bamba. Bayansu buhunan shinkafar waje an jibge an rufe da leda, da jarkoki jere. Wani da ke kusa da ni ya ce irin waɗannan ne ake gwanjonsu ta intanet in kotu ta gama da su. Na tuna maƙwabcina, na kau da kai.

Jami'in da ya zo kaina matashi ne, kakinsa ruwan toka a goge, da biro a bayan kunne. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da aiki." Ya amsa da Hausa mai ɗan gargada. Ya karanta casis ta gilashi, ya karanta ta ƙofa, ya sa na buɗe bonet ya goge maiƙo da tsumma ya duba lambar inji, ya shafa gefen farantin casis da ɗan yatsa ko an taɓa ɓamɓare shi. Da ya zo kan takardar jabun ya tsaya, ya dube ta ya dube ni. Gabana ya faɗi. Ya ce, "Nawa ka saye ta?" Na faɗa. Ya girgiza kai ya ce, "Araha ba ta ado, Baba." Ya yi rubutu ya sa hannu ya wuce na gaba. Duk abin bai fi minti 15 ba, bayan jiran awa huɗu a inuwar darbejiya.

Kuɗi suka haɗu a mako na biyu na Mayu. A lokacin dala ta sake miƙewa, farashin kwastan ya haura 1,400. Ejan ya shigar da bayanan, na'ura ta fitar da ƙimar kusa da kirdadonsa, takardar biya ta fito da miliyan 3 da kusan rabi. Jinkirin mako uku ya ci min abin da ya kai dubu 700, ba tare da an ƙara wa motar ko ƙusa ɗaya ba. Na sake komawa kasuwa na karyar da kayan da na so in riƙe zuwa damina.

A nan ina da magana, kuma ba a kan mutum ɗaya ba. Na yarda ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, na yarda wanda ya shigo da kaya ya biya. Amma motar nan ta ratsa iyaka, ta ratsa garuruwa, ta zauna a fili a bakin titi da rana tsaka da farashi a gilashinta, aka yi mata lamba da hatimin hukuma, duk ba wanda ya ce uffan. Sai a hannun na ƙarshe, wanda ya fi kowa rashin sanin yadda aka yi, bashin ya faɗo. Da tun ranar yin lamba ake duba fito, da ranar zan mayar wa dila kayarsa. Kuma harajin da ke bin dala kullum kamar farashin tumatir, ɗan kasuwa ba ya iya shiri da shi. Duk lokacin da fito ta hanyar hukuma ya kusa rabin kuɗin mota, 'yan fiton daji ba za su rasa kwastoma ba.

Biyan kuɗin a banki aka yi, cikin asusun gwamnati, ba a hannun kowa ba. Ejan ya ja kunnena a kan wannan tun farko: ladan aikinsa daban, shi zan ba shi a hannu, amma kuɗin fito ko ƙanin babana ne ya ce in kawo ya biya min, kada in yarda, don ta haka ake haifar irin takardar da ta kawo ni. Na shiga bankin ƙarfe 10, sabis ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Sai bayan azahar yarinyar da ke kanta ta ce, "Ya shiga, Alhaji." Ta buga hatimi ta turo min rasit. Na tsaya a bakin ƙofa ina karanta sifilan.

Bayan kwana tara ejan ya kira. Takardu ne 'yan ƙalilan: ta shigar da kaya mai sabuwar lambar C, ta ƙima, rasit ɗin banki, da ta saki. Wannan karon ban kalli tambari ba. Na sauka da su wajen motar, na kunna fitilar waya, na bi casis ɗin harafi bayan harafi har 17, sau biyu. Na yi kwafi uku, na sa aka lulluɓe ɗaya da leda mai kauri na ajiye a mota, na asalin kuma suna cikin akwatin uwargida, a gurbin da sarƙarta take a da.

Maƙwabcina bai samu shiga wannan ƙofar ba, nasa lamarin ya riga ya yi nisa. Yanzu babur yake hawa. In zan fita da safe nakan rage masa hanya, ba ma taɓo zancen.

Abin da ban zata ba shi ne yadda na koma ina ɗokin a tsayar da ni. Na je Zariya na dawo, ba wanda ya ɗaga min hannu. Na je Kaduna ana gobe Babbar Sallah, na rage gudu a shinge har na sauke gilashi, aka yi min alamar in wuce. Sai a watan Agusta, a hanyar dawowa daga Katsina, wani jami'i ya ɗaga hannu. Na faka tun kafin ya sauke shi, na zaro ledar na fito da ita a hannu.

Ya ce, "Buɗe but."

Na buɗe. Tabarma, jarkar ruwa, da buhun gero rabi da surukata ta ba mu. Ya soka hannu a geron ya damtso, ya duba, ya mayar.

"Shi ke nan, Allah ya kiyaye."

Na ce, "Yallaɓai, ba ka duba takardun motar ba."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Motoci sun fara taruwa a bayana, wani direban tirela yana danna hon.

"Alhaji, shinkafa muke nema. Ka tafi."

Na ce, "Don Allah ka dai duba."